Ranar da Na Katse wa Malam Sa'idu Sallama

Ku ja benci ku zauna, tunda kun ce aikina aikin zaune ne. Jiya wani cikinku, wancan mai gilashin da yake sunkuyar da kai, ya ce wai me ya rage a harkar waya, kowa ya iya zare layi ya sa wani. Na ji shi sarai. Ban tanka ba ne don hannuna na cikin wayar mutane. Yau kasuwa ta yi sanyi, sai ku saurara, don sana'ar nan da kuke rainawa akwai ranar da ran wata baiwar Allah mai suna Rabi ya rataya a kanta, tana kwance a asibiti a nan Alƙahira, mijinta yana can tsakiyar teku. Zan zo kanta. Amma sai kun san yadda aka yi na iya abin da na yi ranar.

Sunana Isuhu, daga Maradi na zo da sunan karatu, kamar ku. Nahawu ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, muka rabu ba faɗa. Sai na faɗa hannun wani Bamisire mai gyaran waya a Ataba, Usta Sabri, mutum mai ƙaton ciki da siraran yatsu. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina kwance waya da ɗaure ta, da jera 'yan ƙusoshinta a kan farin ƙyalle yadda suka fito. In na sa doguwar ƙusa a ramin gajera, ba ya zagi, sai ya kira maƙwabtansa su zo su ga abin da ɗan Nijar ya yi. Wallahi gara zagin. Shi ya koya mini in shinshina waya kafin in sa mata mita. Wadda ta ƙone da warinta, wadda ta sha ruwa da nata, wadda wani ɗan koyo ya riga ya yi wa ta'asa ita ma kana buɗewa za ka sani. Kayan aikin da kuke gani a teburin nan, hantsaki, da madubin ƙara girma, da tsohon buroshin haƙori, da kwalbar sifirit, duk irin nasa ne. Buroshin nan ya ceci wayoyi fiye da injin da na saya da tsada.

Da na samu 'yancin kaina sai na buɗe santiral a Darrasa, wato shagon buga waya zuwa ƙasashen waje, da 'yan ɗakunan katako a jere. Ku ba ku tarar da wannan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, layin ɗalibai har bakin titi, kowa na jiran ya ji muryar gida. A nan na san yadda Bahaushe yake magana a waya. Bamisire zai shiga, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya fito. Namu kuwa sai ya gaida uwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi jikin kaka, a miƙa wa baffa a sake sabon zagaye. Sai lokacinsa ya ƙare ya fito yana sosa ƙeya, ya ce, “Isuhu, ka ga ban ma faɗi abin da na kira dominsa ba.” Ni lokacin dariya nake, don gaisuwar nan ita ke ciyar da ni.

Sai shekarar da ban son tunawa ta zo. Manyan wayoyi suka cika hannun yara, kowa ya koma kira ta intanet daga kan katifarsa. Kamar wasa, Juma'a ta zo ba kowa a ƙofata, wata Juma'ar ma haka. Na zauna ina kallon ɗakunan katakon nan sun zama wurin kwanan kyanwa. Ƙarshe wani mai sayar da littattafai ya kwashe su ya yi kanta da su. Na ji ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Shekarar nan iyalina sun ci ful, dafaffen waken nan na Misirawa, safe da yamma har yaran suka daina tambayar nama. Abokaina biyu da muke sana'a ɗaya suka tattara suka koma gida. Ni na ce ina da hantsaki, ina da hanci, ba inda za ni.

Wata waya ce ta buɗe mini hanya. Wani mahaddaci ɗan Katsina ya kawo ta bayan Sallah, ta mutu murus. Ɗaliban Zanzibar da suke karatu tare ne suka gayyace shi ya ja musu tarawihi a garinsu, kamar yadda 'yan Komoros da 'yan Maldif da 'yan Indunusiya suke ɗaukar alarammominmu duk azumi. Na buɗe ta, na shinshina, na ga cikinta ya yi kore-kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla. Na ce, “Alaramma, ta faɗa ruwa.” Ya ce wallahi ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na ce ta faɗa. Ya sake rantsuwa, har ransa ya fara ɓaci. Mahaddaci ba zai yi mini rantsuwar ƙarya a kan waya ba, sai na tambaye shi inda yake ajiye ta. Aljihun ƙirji, in ji shi, kuma ɗakinsa na kallon teku, taga a buɗe dare da rana saboda zafi. A nan na gane. Iskar wurin ce ke ɗauke da gishiri, ga gumi, ga hannu mai danshin alwala. Ba sai waya ta yi nutso ba, a tsaye take ruɓewa. Na wanke ta da sifirit da buroshi, na canza mata bakin caji, ta tashi. Kafin azumi na gaba ya zagayo, duk wanda aka gayyata tsibiri sai an ce masa, “Ka bi ta wurin Isuhu tukuna.”

To ga abin da nake yi wa matafiyi, ku da kuka ce zare layi ne kawai. Da farko in duba ko wayarsa a buɗe take, don akwai wadda aka ɗaure ta da kamfani guda, ka je can ka sa mata layin ƙasar ta yi maka kunnen ƙashi. In hana shi dogara da layin Masar, don a can ko kiransa aka yi ya ɗauka katinsa ne ke zuba. Ya sayi layin wurin a babban gari, da fasfonsa a hannu, kafin ya hau kwale-kwale, domin ƙauyen da za a kai shi ba lalle a samu ba. In haɗa shi da ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda kuke jin kunyar fitarwa a gaban 'yan mata. Ita ce ke kama sabis inda babbar ta kasa, kuma cajinta na kai kwanaki a inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama. In ba shi leda mai zif da 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye danshi. Masu takalma na Abbasiya har sun san ni, suna tara mini. Kuma in ce masa in ta jiƙe kada ya kunna, kada ya tura ta cikin buhun shinkafar mutane. Shinkafa ba ta cire gishiri, sai dai ya ɓata wa masu gida abincin buɗa baki.

Akwai sharaɗi guda da ba na sassautawa. Duk wanda na shirya wa waya, ranar da ya isa sai ya turo mini lambar wani mutumin wurin wanda ba ya motsi. Ba limami ba, ba direba ba, ba mai kwale-kwale ba. Mai shago nake so, wanda shagonsa ke inda sabis yake. A tsibiri sabis ba ko'ina yake ba. Wani wuri sai a kan tudu, wani wuri sai a bakin gaɓa inda ake hango babban tsibirin da ƙarfen sabis yake. Hadari ya taso, ya ɗauke. Man injin ƙarfen ya ƙare, ya ɗauke. Ɗalibai suna ce mini na cika ƙa'ida kamar ofishin iƙama, masu ba da takardar zama a ƙasa. Na ce eh, na ji, turo lambar.

Malam Sa'idu yana cikin waɗanda suka turo. Ɗan Zariya ne, mai sanyin hali, yana karatun digiri na biyu, yana zaune a Hayyin Ashir da matarsa Rabi. Ita ce Rabin da na ambata muku. Wani ƙauyen masunta a tsibiran Komoros aka kai shi jan tarawihi, ya tafi ya bar ta da tsohon ciki, na fari, bisa lissafin cewa sai bayan Sallah za ta haihu. Ya damƙa ta a hannun Alhaji Mamman, dattijon 'yan kasuwarmu daga Damagaram, da maiɗakinsa Hajiya. Da ya isa ya rubuto mini cewa gidan da aka sauke shi babu sabis ko kaɗan, amma ga lambar wani Ahamada mai shago a bakin gaɓa, yana jin Faransanci.

Azumi ya raba tsakiya, wata rana bayan azahar, ina tsaka da canza gilashin wata waya, Alhaji Mamman ya kira ni. Ya ce in bar duk abin da nake yi in zo wani ƙaramin asibiti a Madinat Nasr. Na rufe shago na tari mota. Na tarar da shi a baranda yana jan carbi da sauri, Hajiya na shiga tana fita. Haihuwa ta zo wa Rabi kafin lokaci, kuma ta zo da gardama. Likita ta ce ɗan ya kwanta ba daidai ba, jini na zuba, sai an yi aiki yanzu. Rabi ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa sai ta ji daga bakin Malam. Mahaifiyarta a wurin aiki irin wannan ta rasu a gida, tsoron na nan a ranta. Hajiya ta lallashe ta, Alhaji ya aika mata cewa shi ne waliyyinta a nan kuma ya yarda, ta ce ta gode, amma muryar Malam take so. Sun yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Likitar ta fito ta dube mu ta ce, “Yalla ya jama'a, ba mu da lokaci. In aka ƙara jinkiri zan iya rasa su duka biyun.”

Ban ɓata lokaci a kan lambar Sa'idu ba. Na rubuta wa Ahamada gajeren saƙo da Faransanci, cewa a nemo limamin baƙo a kawo shi shago da gudu. Rubutaccen saƙo ya fi kira naci, ko sabis ya leƙo ya koma zai lallaɓa ya shige. Na so in rubuta dalilin ma, Alhaji ya riƙe mini hannu. Ya ce, “A'a Isuhu. Ba a jefa wa mutum irin wannan magana a rubuce, yana shi kaɗai a tsakiyar ruwa. Babba ne ke faɗa, da baki, a hankali.” Haka al'adarmu take, kuma ba zan ce muku mummuna ba ce. Na bi.

Can sai ga amsar Ahamada: Malam ya iso, amma a yi sauri, hadari na haɗuwa. Na buga. Ta yi ta ƙugi, ta shiga. Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi, don shi ne babba.

“Salamu alaikum. Malam Sa'idu ne?”

Layin tsibiri yana da jinkiri. Ka yi magana, sai ta ɗan jima kafin ta isa, amsar ma haka. Alhaji bai san wannan ba, da ya ji shiru sai ya sake sallama, daidai lokacin da amsar ta farko ta iso. Suka yi karo. Kowa ya tsaya don ɗayan ya wuce, suka sake yin karo.

“Ina wuni, Malam? Ya ibada?”

“Lafiya lau, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ya azumi?”

“Alhamdu lillahi. Ya baƙunta? Ya mutanen wurin?”

Ina tsaye ina yi masa alama da hannu, kamar mai korar kaji. Bai ko dube ni ba. Yana shirya ƙasa ne kafin ya ɗora maganar, yadda aka koya masa tun yana yaro. Ya kai ga, “To, dama dai, ka san komai na Allah ne,” sai layin ya ɗauke.

Na san abin da Sa'idu ya ji a can: dattijo ya sa an kirawo shi da gudu, ya ce komai na Allah ne, waya ta mutu. Duk Bahaushe ya san abin da ke biyo bayan wannan. Ga mutum can yana zaton matarsa ta rasu, ga ta nan da rai tana jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Na sake bugawa, ba ta shiga. Na sake, wata mata ta yi mini bayani da Faransanci cewa ba a samun lambar. Hajiya ta leƙo ta ce Rabi ta fara galabaita, idonta na lumshewa.

A nan na ajiye ladabi gefe, kuma har gobe ina alfahari da hakan. Na juya wa Alhaji baya na rubuta da Hausa, don Sa'idu ya karanta da kansa a wayar Ahamada: “Rabi na da rai. Haihuwa ta zo da gardama, sai an yi aiki, ta ƙi sai ta ji muryarka. In waya ta shiga kada ka gaisa. Ka ce ka yarda.” Alhaji ya ce, “Me kake rubutawa?” Na ce, “Aikina nake, Alhaji.” Sannan na daina buga ta babbar waya, na ciro ƙaramar daga aljihu, na sa mata layin wani kamfanin daban, don na lura kiran da ke bi ta wannan hanyar ya fi saurin samun tsibiran can. Na roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar ni in tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bayan labule. Ta ce tamam, amma kada in wuce nan. Na yi ta bugawa ina katsewa da zarar na ji ƙugin da ba na shiga ba ne, don kunnena ya san bambancinsu tun zamanin santiral.

Sai ta shiga. Ina jin ruwan sama na dukan kwanon shagon Ahamada. Alhaji ya biyo ni, ya miƙo hannu kamar ɗazu. Na janye wayar. Dattijon da ya girme ni nesa ba kusa ba, a gaban matarsa. Na buɗe lasifika na tura hannuna cikin labule.

Kun san abin da Malam Sa'idu ya fara cewa, bayan duk abin da na rubuta masa? Ya ce, “Salamu alai…”

Na ce, “Malam, bar wannan. Rabi na jin ka. Faɗi.”

Aka yi shirun nan na jinkirin layi. Ban taɓa jin tsawonsa kamar ranar ba. Na ƙudurta a raina in wani ya yi tari a wurin sai na fitar da shi waje.

“Rabi,” in ji shi. “Ni ne. Na yarda. Ki bari a yi, don Allah ki bari a yi. Ina nan ina miki addu'a.”

Daga bayan labule na ji ta ce, a hankali, “To, Malam.”

Ban san ko ya ji amsarta ba, don layin ya tafi, kuma bai dawo ba sai washegari. Aka tura gadonta aka wuce da ita ta gabanmu. Ni kuma na koma baranda na zauna a ƙasa. Kafin a sha ruwa likitar ta fito ta ce an samu mace, uwar ta sha wuya amma za ta tashi. Na rubuta wa Ahamada, saƙon ya kwana a hanya. Daga baya na ji cewa Sa'idu ya ja tarawihin ranar bai san ko yana da mata ko ba shi da ita ba.

Alhaji Mamman ya yi fushi da ni, kuma bai ɓoye ba. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Ya gaya wa mutane cewa Isuhu ya iya aiki amma ba shi da kunya, ya fizge magana daga bakin manya, ya katse wa malami sallama. Ban musa ba, haka aka yi. Na je har gida na ba shi haƙuri don girmansa, ya ce ma'alish, ya wuce. Amma ban ce masa na yi kuskure ba, shi ma bai nemi in faɗa ba. Tun daga ranar, duk wanda zai tafi tsibiri sai na zaunar da shi a bencin nan da kuke kai na ce masa: a can, magana tukuna, gaisuwa in layi ya rage. Wasu su yi dariya, wasu su ce na zama Bature. Ba ruwana.

Bayan Sallah da 'yan makonni, ina shago da rana, mutane sun cika gabana kowa na miƙo tasa wayar, sai ga Malam Sa'idu. Ya rame, rana ta ƙona shi, yana rungume da jaririya cikin farin tawul. Bai bi layi ba, bai kuma yi gaggawa ba. Ya tsaya a gaban teburina ya yi sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu. Na ajiye hantsaki na amsa. Ya ce ina wuni, na ce lafiya. Ina gajiya, ya aiki, ya kasuwa, ya muka ji da zafi, ya yara, ya labarin Maradi. Wani Bamisire da ke jiran cajarsa ya fara buga tebur yana cewa yalla. Ko kallonsa ban yi ba. Na bar Malam ya kai ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, ban katse shi ba.

Da ya gama sai na karɓa, yadda aka saba. Na ce ya hanya, ya ce lafiya. Na ce ya aka baro mutanen tsibiri, ya ce suna gaisuwa. Na ce, “Ya iyali?”

Tambayar da muke yi kullum ba ma ko jiran amsarta. Malam Sa'idu ya dubi 'yarsa. Ya sunkuyar da kai ya gyara wa yarinyar tawul, ya daɗe a haka, har Bamisiren nan ya daina buga tebur.

Sannan ya ɗago ya ce, “Lafiya lau, Malam Isuhu. Su biyun duka.”